Na ɗaga Debian, nginx ya cika mini allo da gargaɗi: in koma baya ko in gyara?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina riƙe da wata ƙaramar saba da na yi haya, a kanta akwai shafuka uku: na wata makarantar Islamiyya, na shagon yayana, da nawa. Ranar Asabar na ɗaga ta daga Debian 12 zuwa Debian 13. Shafukan duka suna buɗewa, amma duk lokacin da na buga nginx -t sai ya jero mini waɗannan kafin ya ce gwajin ya yi nasara:

`nginx: [warn] the "listen ... http2" directive is deprecated, use the "http2" directive instead in /etc/nginx/sites-enabled/makaranta:12`

`nginx: [warn] protocol options redefined for 0.0.0.0:443 in /etc/nginx/sites-enabled/shago:31`

`nginx: [warn] "ssl_stapling" ignored, no OCSP responder URL in the certificate "/etc/letsencrypt/live/shago.example/fullchain.pem"`

`nginx: [warn] conflicting server name "shago.example" on 0.0.0.0:443, ignored`

Ni ban taɓa saitin ba, kwafin ajiya kawai na yi kafin in fara. In mayar da tsohon Debian ne, ko akwai yadda ake kashe gargaɗin?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, hanya biyu ka gani a gabanka: ko ka koma inda ka fito, ko ka toshe bakin nginx, manhajar da ke miƙa shafukanka ga masu ziyara. Ni dai ba zan ba ka shawarar ko ɗaya ba. Komawa baya ba abu ne da Debian, tsarin Linux ɗin da ke tafiyar da sabarka, take tallafa wa ba, sai idan ka ɗauki hoton sabar gaba ɗaya a wurin kamfanin da ka yi haya kafin ka fara. Ko da kana da hoton ma, biyu daga cikin gargaɗin nan huɗu za su bi ka can, domin ba sabuntawar ce ta haife su ba. Toshe bakin kuma asara ce, don a cikin layukan akwai guda ɗaya da zai iya sa shagon yayanka ya riƙa aiki da saitin da ba shi kake zato ba.

Debian 12 tana zuwa da nginx 1.22.1, Debian 13 da ta fito a watan Agustan 2025 kuma da 1.26.3. Masu nginx suna gwada sababbin abubuwa a sigogi masu lambar tsakiya mara, irin 1.23 da 1.25, daga baya su tattara su a siga mai lamba cika, irin 1.24 da 1.26. Wato a dare ɗaya ka tsallake canje-canjen shekara biyu. Gaskiya ka faɗa, ba ka taɓa saitinka ba. Mai karanta saitin ne ya canja, yana ganin abin da na da yake wucewa bai tanka ba.

Yadda nake karanta irin wannan saƙo

Kalmar da ke farkon layin ita nake fara dubawa. Idan `emerg` ce, nginx ba zai tashi da wannan saitin ba sam. Idan `warn` ce, ya tashi, amma ya yanke wata shawara a madadinka. Aikina shi ne in gano wace shawara ya yanke. Wani lokaci ya bi umarninka yana gunaguni, wannan shi ne `deprecated`. Wani lokaci ya ga umarni biyu da suka saɓa ya haɗa su yadda ya ga dama, wannan shi ne `redefined`. Wani lokaci kuma ya yi watsi da abin da ka rubuta, shi ne `ignored`. Wannan ta ƙarshen ita ce take tashi na daga kan kujera, domin ma'anarta abin da ke cikin fayil daban, abin da ke gudana daban.

Kafin ka taɓa komai, buga `sudo nginx -T`, da babban baƙi. Ƙaramin `-t` gwaji kawai yake yi, babban kuwa yana zazzage maka duk saitin da nginx ya karanta, kowane fayil da sunansa a samansa, bisa jerin da ya bi. Kada ka manta da `sudo`. Idan ka bar shi za ka samu wani sabon gargaɗi a kan umarnin `user` da ƙorafin cewa an hana shi karanta mabuɗin satifiket (takardar shaidar da shafin https yake nuna wa burauza), ka shiga neman ciwon da babu shi.

Zan fara da na huɗu, ko da yake shi ne a ƙasa.

Suna ɗaya a wuri biyu

`conflicting server name` yana nufin nginx ya tarar da sashen `server` guda biyu, kowanne yana cewa shi ne mai sunan shagon a ƙofa 443, wato ƙofar da ake shigowa shafukan https. Ba zai iya bai wa biyun ba, sai ya riƙe wanda ya fara karantawa, ya yar da sunan daga na biyun.

Ka ce kwafin ajiya ka yi. A ina ka ajiye shi? Ina da yaƙinin a cikin `/etc/nginx/sites-enabled/` ne, kusa da na asalin. A babban fayil ɗin saiti na Debian akwai layuka biyu da suka yi kama amma ba ɗaya suke ba. Na foldar `conf.d` yana ɗaukar fayilolin da suka ƙare da `.conf` kawai. Na `sites-enabled` kuwa tauraro ne tsirara, duk abin da ya gani a foldar yana kwashewa: `shago.bak`, `shago.tsoho`, har da `shago.save` da manhajar gyara rubutu ta nano take bari idan intanet ta yanke maka kana tsakiyar rubutu. Hattarar da ka yi ce ta jawo maka wannan, ba Debian ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar sa da muhimmanci shi ne jerin karatun na haruffa ne. Idan kwafin sunansa `shago.bak`, na asalin ne a gaba, babu ɓarna sai surutu. Idan kuma ka sa masa `ajiya-shago`, to kwafin ne yake mulki. Na taɓa kwana a kan irin wannan a sabar wani mai sayar da kayan gini da nake duba wa shafi. Ina ƙara girman fayil ɗin da za a iya ɗorawa, ina sake loda nginx, hotunan kaya suna ci gaba da ƙin hawa. Na zargi PHP, na zargi burauzata, na share ma'ajiyarta ya fi sau biyar. Ashe wani kwafi da ni da kaina na yi watanni baya shi ne a gaba, duk gyaran da nake yi a fayil ɗin da nginx ya yi watsi da sunansa nake zuba shi. Gargaɗin yana nan a gabana tun farko, na saba ganinsa har idona ya daina karanta shi.

Ka buga `ls -l /etc/nginx/sites-enabled/`. Abin da ya kamata ka gani mahaɗai ne masu kibiya zuwa `sites-available`. Duk wanda ba shi da kibiya, abin tuhuma ne. Sai ka bi da `grep -R server_name /etc/nginx/sites-enabled/ /etc/nginx/conf.d/`. Babban R nake nufi, don ƙaramin ba ya bin mahaɗan da ya tarar a cikin folda, zai dawo maka hannu rabbana ka ɗauka babu komai. Idan ka samu biyun, gwada su da `diff` kafin ka cire ɗaya, saboda mai yiwuwa wanda kake shirin jefarwa shi ne wanda jama'a suke gani a yanzu. Kwafin kuma ka kai shi wajen `/etc/nginx` baki ɗaya.

Idan babu kwafi, sai ka duba cikin fayil ɗin shagon kansa. Wani lokaci sashen da ke juya mai zuwa daga `www` zuwa sunan da ba shi da `www` shi ma an rubuta masa sunayen biyu, sai ya yi karo da babban sashen.

http2 da abokin tafiyarsa

Na farko da na biyu tushensu ɗaya, gyara ɗaya ne yake kashe su.

A tsohon tsari, idan kana son HTTP/2, wato sigar ƙa'idar sadarwa tsakanin burauza da saba da ta biyo bayan HTTP/1.1, sai ka rubuta `listen 443 ssl http2;`. Matsalar ita ce wannan kalmar ba ta shafin da ka rubuta ta a ciki ba ce, ta ƙofar ce. Duk shafukan da ke sauraro a adireshi ɗaya da ƙofa 443 soket ɗaya suke rabawa, don haka idan makaranta ta ce `http2`, shago da shafinka duk sun samu, ko sun nema ko ba su nema ba. Mutane da yawa sun yi shekaru ba su san haka ba. Daga siga 1.23.4, a watan Maris na 2023, nginx ya fara magana idan ya ga layukan `listen` na ƙofa ɗaya ba su yi daidai da juna ba. Shi ne `protocol options redefined` da kake gani. Fayil da layin da ya ambata wurin da ya lura da saɓanin ne, ba lallai nan ne mai laifin ba. A wurinka kusan na san yadda aka yi: kai ka rubuta na makaranta da hannu ka sa `http2`, na shago kuma Certbot, mai karɓo maka satifiket yana sabunta shi, shi ne ya rubuta `listen 443 ssl;` ya bi shi da ɗan sharhin da yake sawa cewa shi ke kula da layin.

Wata uku bayan haka, a siga 1.25.1 ta Yunin 2023, suka gyara tushen abin. Suka ware `http2` ya zama umarni mai zaman kansa da kowane shafi zai kunna ko ya kashe wa kansa. Sabon rubutun layi biyu ne:

`listen 443 ssl;`

`http2 on;`

Idan kana da layin IPv6, wanda ya fara da `[::]:443`, shi ma ka cire masa kalmar. Da zarar duk layukan `listen` sun koma `ssl` kaɗai, babu sauran saɓani, gargaɗin biyu su tafi tare.

Ga inda ake zamewa. Sabon umarnin a kashe yake idan ba ka kunna shi ba, kuma ba ya tsallakawa maƙwabta. Idan ka gyara fayil ɗin makaranta kaɗai, allonka zai yi fes, amma shago da shafinka sun koma HTTP/1.1 shiru, babu wanda zai gaya maka. A da suna cin arzikin makaranta ne, yanzu an raba tukunya. Ba mutuwa ba ce, shafin zai buɗe, sai dai shafin shago mai tarin ƙananan hotuna zai ƙara nauyi a wayar mai raunin sabis. Ko dai ka sa `http2 on;` a kowane sashen `server` mai ƙofa 443, ko ka sa shi sau ɗaya a sashen `http` na `nginx.conf` kowa ya gada. Ni na fi son na kowane sashe. Ya fi tsawo, amma wanda ya buɗe fayil ɗin shago bayan shekara biyu zai ga gaskiyar abin da ke gudana ba sai ya je wani wuri ba, kuma ban ƙara taɓa `nginx.conf` ba balle dpkg, mai girka fakitin Debian, ya tsayar da ni da tambaya a sabuntawa ta gaba.

Bayan gyaran ka gwada kowane shafi daban da `curl -I --http2` da adireshinsa na https. Layin farko na amsar ya kamata ya fara da `HTTP/2`.

Za ka ga ana yawo da umarnin `sed -i` da zai gyara duk fayiloli a bugu ɗaya. Da shafi uku, buɗe su ka gyara da hannu. Idan ka gudanar da `sed -i` a cikin `sites-enabled`, zai maye gurbin mahaɗan da fayiloli na gaske, daga ranar abin da ke `sites-available` ya rabu da abin da ke aiki. Idan kuma ka ce bari in yi hattara ka rubuta `sed -i.bak`, ya zuba maka sababbin kwafi a foldar da ke kwashe komai, ka dawo kan gargaɗi na huɗu sau uku. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Wani abin lura: idan kana da wata saba a kan Ubuntu 24.04, kada ka kwafa mata wannan sabon rubutun. Tana da nginx 1.24.0, bai san umarnin ba, zai ce `unknown directive "http2"` ya ƙi tashi. `nginx -v` zai gaya maka sigar da ke gabanka.

To idan ka ƙyale shi fa, tunda yana aiki? Yau babu abin da zai faru. Amma ka dubi abin da ya sami `ssl on;`. An fara gargaɗi a kansa a siga 1.15.0 a shekarar 2018, aka cire shi a 1.25.1 a 2023. Shekara biyar mutane suna wuce layin gargaɗin, ranar da suka ɗaga sabarsu nginx ya ƙi tashi gaba ɗaya, suka yi gyaran minti biyu a cikin tashin hankali, waya tana ta ƙara. Da kana da wannan layin a saitinka, da ba wannan tambayar ka aiko ba.

Wanda ba laifin sabuntawa ba ne

`ssl_stapling` yana ɗauke da kalmar `ignored`, amma a nan watsin ba ya cutar da kowa, kuma kada ka rataya wa Debian 13 jakar tsaba. OCSP hanya ce da burauza take tambayar wanda ya ba da satifiket ko an soke shi. Umarnin `ssl_stapling` yana sa sabarka ta je ta karɓo amsar da kanta ta maƙala wa kowane baƙo, don kada burauzarsa ta yi wannan tafiyar. Adireshin da za a je tambayar a cikin satifiket ɗin yake a rubuce. Let's Encrypt, wadda ta ba ka satifiket ɗin, ta daina sa wannan adireshin tun 7 ga Mayun 2025, ta kuma rufe hidimar OCSP ɗinta baki ɗaya ranar 6 ga Agustan 2025, ta koma ga jerin satifiket ɗin da aka soke, wanda ake kira CRL. Babban dalilin da ta bayar shi ne sirrin masu ziyara, domin duk tambayar da burauza ta aika tana nuna wa mai ba da satifiket wane shafi mutum yake buɗewa. Satifiket ɗinta kwana 90 yake yi, don haka kafin Debian 13 ta fito naka ya riga ya sabuntu babu adireshin. Nginx ya duba, bai ga inda zai je ba, ya faɗa maka.

Wato tsohon nginx ɗinka ma yana wannan ƙorafin tun watanni, Certbot yana sabunta satifiket yana sake loda shi cikin dare babu mai kallo. Idan tsohon tarihin sabar yana nan, `journalctl -u nginx` zai iya nuna maka shi da kwanan watan da ya riga ranar Asabar ɗinka. Ka kuma tabbatar da `openssl x509 -noout -ocsp_uri -in` da hanyar satifiket ɗin. Idan bai buga komai ba, magana ta ƙare. Ka goge `ssl_stapling on;` da `ssl_stapling_verify on;`, da `ssl_trusted_certificate` idan don wannan aikin kaɗai ka sa shi.

Amma ka karanta wutsiyar saƙon da kyau, don yana da ɗan'uwa mai kama da shi. Idan ya ce `issuer certificate not found`, wannan wata magana ce: yawanci an nuna wa nginx `cert.pem` a maimakon `fullchain.pem`, sarƙar shaidar ba ta cika ba, kuma wasu wayoyi da manhajoji za su iya ƙin shafin. Haka nan idan wani shafinka yana da satifiket na wani kamfani da har yanzu yake da OCSP, bar masa nasa umarnin a sashensa.

Abin da nginx -t ba zai faɗa maka ba

Wannan ba ka tambaya ba, amma shi ya fi damuna da sabar taka. Idan shafukan nan suna amfani da PHP, kamar WordPress, to Debian 12 tana da PHP 8.2, Debian 13 kuma 8.4. A saitin shafukanka akwai layin `fastcgi_pass` da wataƙila yake nuna `/run/php/php8.2-fpm.sock`. Sau da yawa tsohon PHP yana zama a sabar bayan an ɗaga ta, yana ci gaba da aiki, shi ya sa komai yake buɗewa. Sai dai ya zama maraya, Debian 13 ba ta aiko masa da gyaran tsaro. Ranar da ka yi shara ka cire tsofaffin fakiti, soket ɗin ya ɓace, shafuka uku su koma `502 Bad Gateway`, alhali `nginx -t` yana ce maka komai lafiya, domin ba ya duba ko akwai mai amsawa a bayan soket ɗin. Ka buga `ls /run/php/` ka ga abin da ke akwai, ka tabbatar `php8.4-fpm` yana gudana tare da ƙarin fakitin da shafukan suke buƙata, irin na MySQL da na sarrafa hotuna, sannan ka juya shafi ɗaya, naka, ka gwada kafin ka taɓa na makaranta da na yayanka. Idan ka taɓa ƙara girman fayil ɗin ɗorawa a `php.ini` na 8.2, sabon yana da nasa fayil ɗin a `/etc/php/8.4/fpm/`, ba ya gadon na tsohon.

Yayin da kake ciki, nemi fayilolin da suka ƙare da `.dpkg-dist` ko `.dpkg-old` a ƙarƙashin `/etc/nginx`. Lokacin ɗagawar, duk inda dpkg ya tarar ka canja fayil, ya tambaye ka ko a bar naka ko a sa sabo. Idan ka bar naka, sabon yana gefe da wutsiyar `.dpkg-dist`. Gwada su da `diff` ka ga abin da masu fakitin suka canja wanda kai ba ka samu ba.

Wajen aikin kansa, gyara ɗaya za ka riƙa yi, ka buga `sudo nginx -t`, ka ga layi ɗaya ya ragu, sannan `sudo systemctl reload nginx`. Ka riƙe `reload`, ka bar `restart`. Idan sabon saitin yana da kuskure, `reload` yana barin tsohon yana ci gaba da hidima, `restart` kuwa sai ya kashe mai aikin sannan ya gano ba zai iya tayar da sabon ba.

Duk wannan daga layuka huɗun da ka turo na karanto shi, ban ga fayilolinka ba, kuma na ɗauka nginx ɗin na Debian ne kai tsaye. Idan daga ma'ajiyar nginx.org ka girka shi, tsarin foldojin ya bambanta: babu `sites-enabled`, komai a `conf.d` yake, kuma yana gudana da sunan `nginx` a maimakon `www-data`. Idan kuma wani allon sarrafa saba ne yake rubuta maka saitin, gyaran hannu ba zai daɗe ba, zai shafe shi ranar da ya sake rubuta fayilolin, sai dai a gyara a samfurin da yake kwafa daga ciki. Idan ka bi waɗannan wani layi ya ƙi tafiya, turo mini abin da `ls -l` ya nuna a `sites-enabled` da duk layukan `listen` da `server_name` daga `nginx -T`. Kada ka haɗa da abin da ke cikin `privkey.pem` ko wata kalmar sirri.